Amsa: Warin ruɓaɓɓen ƙwai daga jujin baraguzan gini

Malam, ka tambayi yadda za a auna warin da ke tasowa daga jujin baraguzan gini kusa da ku a Agege. Iskar haidurojin salfaid ce. Tushenta ragowar silin POP da ya cika gidajen Legas: in damina ta jiƙa shi a binne, ƙwayoyin bakteriya sai su riƙa fitar da ita.

Kada ka dogara da hanci. In ta kai wajen 100 ppm (wato kashi 100 cikin miliyan na iskar wurin), hanci kan daina jin ta, a nan haɗarin yake. Ana kifa akwati marar gindi a kan jujin, a zuƙo iskar ciki da na'urar awo. Ku gwada da asuba, a kwari, don ta fi iska nauyi. Alƙaluman kuma ku kai wa LASEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Legas.