Na zuba COMMD1 a kan sel, NF-κB ya tashi, in yarda da sakamakon?

Tambaya: Salam Dakta. Ina digiri na biyu ne a kan yadda sel ke sarrafa jan ƙarfe. Mun sayo furotin COMMD1 na ɗan adam wanda aka haɗa a cikin bakteriyar E. coli, mai His-tag (ɗan jerin amino asid histidin da ake liƙa wa furotin don a samu sauƙin tace shi), takardarsa ta ce tsaftarsa kashi 95. Na zuba wa makrofej, wato sel ɗin garkuwar jiki masu cinye ƙwayoyin cuta, sai NF-κB, furotin da ke kunna kumburi a cikin sel, ya tashi sosai, TNF, siginar kumburin da sel ke zubowa, ma haka. Malamin da ke duba aikina ya ce in fara rubutu, amma wallahi hankalina bai kwanta ba, tsoro nake kar in ɗora aikina gaba ɗaya a kan abin da ba gaskiya ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gara da hankalinki bai kwanta ba, kar ki rubuta komai tukuna.

Kin san COMMD1 a cikin sel yake aiki ba a waje ba, shi ke taimaka wa furotin ATP7B wajen fitar da jan ƙarfe daga hanta, tun 2002 da aka gano shi a karnukan Bedlington masu tara jan ƙarfe. Kuma abin da aka sani shi ne danne NF-κB yake yi, ba tayar da shi ba. To ke kin zuba shi a ruwan da sel ke ciki kin ga akasin haka, abu na farko da za a zarga shi ne endotoksin, wato LPS, gubar da ke jikin bakteriya irin E. coli.

Nan ne nake yawan faɗa da ɗalibai. Suna ganin kashi 95 sai su ɗauka kwalba tsaf take. Wannan adadin daga gwajin SDS-PAGE aka samo shi, furotin kawai yake aunawa, wato cikin furotin ɗin da ke kwalbar nawa ne wanda kika biya kuɗinsa. LPS kuwa ba furotin ba ne, daga fatar bakteriyar yake fitowa, yana manne wa furotin ya biyo shi har ƙarshen tacewa, kuma wannan gwajin ba ya ganinsa ko kaɗan. Makrofej na da TLR4, furotin da ke fatarsa mai gane LPS, ɗan ƙanƙanin LPS ya ishe shi ya kunna NF-κB ya zubo TNF, daidai abin da kika gani. Ba ke aka fara yi wa ba, an daɗe ana cewa wani furotin mai suna HSP70 na tayar da makrofej, sai a 2003 aka nuna cewa endotoksin da ya gurɓata furotin ɗin ne ke sa TNF ɗin fitowa. Kuma don Allah a daina ce min "ai mun sa a otokilef" ko "mun tace da fil'ta mai 0.22", duk biyun bakteriya suke kawarwa, LPS na nan daram.

Irin wannan tunanin ne ma ya fito daga lab ya shiga hannun 'yan damfara, shi ya fi tayar min da hankali. Mutum ya sayi kwalbar da aka rubuta ƙarara don bincike kawai ce, furotin EGF ko wani peptaid (gajeren jerin amino asid) mai jan ƙarfe, ya ce ai na ɗan adam ne, ya dinga yi wa mutane allura wai gyaran fata ko maganin tsufa. "Na ɗan adam" jerin amino asid ɗin kawai yake nufi. Insulin da aka amince da shi a 1982 shi ma a E. coli aka haɗa shi, amma sai da ya bi tacewa da gwaji irin na magani, kwalbar bincike ba ta bi ba, babu wanda ya ɗauki alhakin ta shiga jinin mutum. Endotoksin a jini zazzaɓi ne da rawar sanyi da faɗuwar jini, idan ya yi yawa rai ma yana iya salwanta. Mai yin wannan sana'ar ya ji tsoron Allah, jikin mutane amana ne.

Ke dai ki fara da gwajin LAL mai auna endotoksin, ki san EU (ma'aunin endotoksin) nawa ke cikin kowane maikrogiram na furotin ɗin. Ki tafasa wani kaso na furotin ɗin ki sake zubawa, furotin zai lalace amma LPS na jure zafi, idan siginar ba ta sauka ba kin samu amsarki. Ki haɗa da maganin polymyxin B mai ɗaure LPS, ko ki toshe TLR4 da sinadarin TAK-242. Idan kuma aikin COMMD1 kike son gani da gaske, ki sa sel ɗin su kera shi da kansu ta hanyar plasmid, wato ɗan DNA mai ɗauke da umarnin kera shi, ko ki rage shi da siRNA mai hana sel kera shi.

Sai batun His-tag, tunda jan ƙarfe kike bibiya. Histidin shidan nan da ke kama nikel suna kama jan ƙarfe ma, da ƙarfi kuwa, don haka kafin ki auna ko furotin ɗinki na riƙe jan ƙarfe ki yanke tag ɗin idan an sa masa wurin yanka, ki kuma wanke sinadaran imidazol da EDTA daga ruwan, don su ma suna kama jan ƙarfe. Ki kai wa malaminki sakamakon LAL da na tafasawar, ku zauna a kai kafin a fara rubutu.