Ga ƙanwarmu mai fargabar kwas ɗin falsafar ɗa'a

Ƙanwata, kin ce an sa muku kwas ɗin ɗa'a da matsalolin zamani a wannan zango, Baba kuma ya ji an ce falsafa tana gurɓata aƙida, shi ne kike tambaya ko ki ɗauka ko ki nemi wani. Na ɗauke shi lokacin da nake jami'a, yanzu ina aikin jinya a nan Gombe.

Damuwar Baba ba ta banza ba ce. Za a tattauna abubuwan da za su sa gabanki ya faɗi: zubar da ciki, sayar da ƙoda, cire wa mara lafiya na'urar numfashi. Za a koya muku ra'ayin Kant na Jamus, wanda ya ce ƙarya ba ta halatta ko da don ceton rai ne, da na Bentham da Mill na Ingila, masu auna aiki da yawan amfanin da ya jawo wa jama'a. Ba wanda zai tilasta miki yarda da su. Abin da ake nema shi ne ki faɗi hujjar mutum daidai yadda take kafin ki rushe ta. Ni na sha kafa hujja da abubuwa biyar da Imam Ghazali ya ce shari'a ta zo ta kare, addini da rai da hankali da zuri'a da dukiya, kuma ban taɓa rasa maki saboda haka ba.

Ranar da ajinmu ya yi tsit ita ce ranar da aka zo kan Kano ta 1996, lokacin annobar sanƙarau. An gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. A 2003 da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, wannan tabon yana cikin abin da mutane suke tunawa. Tun daga ranar na daina ɗaukar neman izinin mara lafiya a matsayin cike takarda kawai.

Inda kwas ɗin ya tsaya mini kuwa shi ne bara. Saurayi da budurwa suka zo gwajin sikila, an riga an kai lefe, saura wata guda biki. Dukansu AS, wato ba su da ciwon amma kowannensu yana iya gadar wa 'ya'yansa. Yaron ya biyo ni har baranda, hularsa a hannu yana murzawa, ya ce, "Sista, ki rufa mini asiri don Allah." Mahaifiyar yarinyar kuma tana zaune a benci tana jiran in faɗa mata sakamakonsa. Sirrinsa amana ne a wuyana, ga kuma 'ya'yan da ba a haifa ba, ni kuwa na kwana da yaro mai sikila yana ihun ciwon ƙashi har asuba.

Ban faɗa wa Hajiya ba, ban kuma yi mata ƙarya ba. Na ce sai da izininsa. Na roƙe shi ya yarda in zaunar da su su biyu, ya yarda. Na jera murafen allura huɗu a tebur, na ware ɗaya: kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai ciwon sikila, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki. Yarinyar ta daɗe tana kallon murfin nan. Bayan sati biyu suka dawo da iyayensu, shi da bakinsa ya faɗa.

Abu ɗaya da ya dame ni da kwas ɗin, yawancin littattafan an rubuta su ne don Turai da Amurka, inda mara lafiya shi kaɗai yake yanke hukunci. Mu nan sai a ce a jira maigida ya dawo daga kasuwa, ko a kira kawu a waya, alhali jini yana zuba. Wannan ke za ki ɗaga hannu ki kawo shi aji.

Ki ɗauka. Ki kai wa Baba takardar darussan ya gani da idonsa, duk mas'alar da ta tsaya miki a rai kuma ki tafi da ita wajen malaminku na Islamiyya a satin, kada ki bari sai dab da jarrabawa.