Me ya sa ake kiran Henrik Ibsen uban wasan kwaikwayon zamani?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun wasan kwaikwayo a jami'a. An ba mu Henrik Ibsen mu karanta, ana ce masa uban wasan kwaikwayon zamani, wani littafin kuma ya ce mawaƙi ne. Wanne ne daidai, kuma me ya yi da ya cancanci wannan kirari?

Amsa: 'Yar'uwa, duka biyun daidai ne. Da waƙa ya fara suna, daga baya ya ajiye ta da gangan, kuma a wannan ajiyewar amsar tambayarki ta biyu take.

An haifi Ibsen ranar 20 ga Maris 1828 a Skien, wani garin fataucin katako a kudancin Norwe. Mahaifinsa Knud attajiri ne, amma yaron yana kusan shekara bakwai arziki ya karye, iyalin suka tattara suka koma wata gona a bayan gari. Ki riƙe wannan, domin bashi da karayar arziki da gidan da ke rufa wa kansa asiri za su yi ta dawowa a rubuce-rubucensa har tsufa. Yana da shekara goma sha biyar aka tura shi Grimstad yaron kantin magani, a can ya rubuta wasansa na farko, Catilina, wanda ya fito a 1850 da sunan aro, ba a ma saye shi sosai ba.

A 1851 ya samu aiki a gidan wasan Bergen, wanda shahararren makaɗin goge Ole Bull ya kafa, a 1857 ya koma wani gidan wasa a Christiania, birnin da yau ake kira Oslo. Wannan gida ya durƙushe a 1862, bashi ya yi masa katutu. Shekarun sun yi masa ɗaci, amma a nan ya koyi sana'a da hannunsa: yadda ɗan wasa ke shiga da fita, da inda 'yan kallo ke fara hamma. A 1864 ya bar ƙasar, ya yi shekara 27 tsakanin Rum da Dresden da Munich.

Daga Italiya ya aiko da manyan ayyuka biyu na baitoci, Brand a 1866 da Peer Gynt a 1867. Brand ne ya fitar da shi daga talauci, har majalisar ƙasarsa ta yanka masa albashin mawaƙi. Peer Gynt kuwa shi ne Edvard Grieg ya yi wa kiɗa, wanda aka fara ji a 1876. Yana da kuma doguwar waƙa, Terje Vigen, kan wani matuƙin jirgin ruwa da ya tuƙa kwale-kwale zuwa Denmak neman hatsi lokacin da jiragen Ingila suka toshe teku; 'yan Norwe na karanta ta har yau. Saboda haka littafin da ya ce masa mawaƙi bai yi kuskure ba.

Bayan Peer Gynt bai sake rubuta wasa da baitoci ba. Ya koma zube, irin maganar da mutane ke yi a ɗakinsu. A wancan zamani wasa mai nauyi na sarakuna ne da jarumai masu magana cikin waƙa, na talakan gari kuwa yawanci na ban dariya ne ko na soyayya mai ƙarewa da aure. Ibsen ya ɗaga labule sai ga falon ma'aikacin banki, da murhu da fitila da akwatin wasiƙa, irin falon da 'yan kallo suka baro a gida. Ya nuna cewa masifar da ta isa a kira ta masifa tana iya faruwa a nan.

Dubi Et dukkehjem, wato Gidan 'Yar Tsana, wanda aka fara nunawa a Kopenhagen a Disamba 1879. Mijin Nora, Torvald, ya taɓa yin ciwon da likitoci suka ce sai an kai shi ƙasa mai ɗumi. Doka ba ta yarda matar aure ta ci bashi ba da izinin miji ba, sai ta ci a ɓoye, ta kwaikwayi sa hannun mahaifinta, ta yi shekaru tana biya da ɗan abin da take tsimi da aikin kwafar takardu. Ranar da asiri ya tonu, mutumin da ta ceto ransa bai tuna da komai ba sai sunansa da kujerarsa ta banki. Da haɗarin ya wuce ya ce ya yafe mata. Wani marubucin a nan zai rufe labule. Ibsen ya sa Nora ta ce wa mijin ya zauna, shekara takwas suna tare ba su taɓa yin magana ta gaske ba. Suka yi ta, ta bar shi da 'ya'ya uku, ta ja ƙofa. A ganina zaman nan ya fi bugun ƙofar da kowa ke ambato muhimmanci, domin a nan muhawara ta zama ita ce ƙololuwar wasa, inda a da takobi ko mutuwa ke tsayawa.

Abin ya tayar da ƙura. A Jamus 'yar wasa Hedwig Niemann-Raabe ta ce ita ba za ta fito a matsayin uwar da ta bar 'ya'yanta ba, dole Ibsen ya rubuta wani ƙarshen da Nora ta zauna, gudun kada wani ya yi masa, kuma bai ɓoye baƙin cikinsa da hakan ba. A 1881 ya fitar da Gengangere, Fatalwa, labarin matar da ita ta haƙura ta zauna da miji mazinaci don tsare mutunci, ɗanta ya gaji tunjere. Gidajen wasan Norwe da maƙwabtanta suka guje shi, sai a Chicago aka fara nuna shi a 1882. A shekarar ya mayar da martani da En folkefiende, Maƙiyin Jama'a: likita ya gano dattin majemu ya gurɓata ruwan wankan magani da garin ke ci da shi, yayansa shi ne magajin gari, jarida ta juya masa baya, taron jama'a ya yanke cewa shi ne maƙiyi.

Akwai dabarar da nake so ki lura da ita a matsayinki na ɗaliba. Sau da yawa laifin ya riga ya auku shekaru kafin a ɗaga labule. Abin da muke kallo shi ne tonuwarsa, sannu a hankali, daga bakin baƙo ko wasiƙa ko suɓutar baki. Haka Vildanden, wato Agwagwar Daji, na 1884 yake, a can ma mai tona gaskiyar ne ya jawo halakar yarinya marar laifi. Wannan ya sa ban yarda da masu ɗaukarsa mai wa'azi da amsa a aljihu ba. Ko a 1898, da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta Norwe ta karrama shi, cewa ya yi bai yi aiki da niyyar fafutukar mata ba, shi batun ɗan Adam ne ya dame shi.

Tasirinsa ya yi nisa. Marubucin wasa George Bernard Shaw ya rubuta littafi a kansa a 1891. A ƙasar Sin mujallar matasa masu neman sauyi ta ware masa fitowa guda a 1918, a 1923 kuma marubucin ƙasar Lu Xun ya yi lacca yana tambayar me zai sami Nora bayan ta fita ba ta da kuɗi. Marubucin wasa Arthur Miller ya sake tsara Maƙiyin Jama'a a Amurka a 1950.

Ya koma gida a 1891, ya rubuta wasansa na ƙarshe a 1899, shanyewar jiki ta kama shi daga 1900, ya rasu ranar 23 ga Mayu 1906. Bai sami kyautar Nobel ba. Abokinsa kuma abokin hamayyarsa, marubuci Bjørnstjerne Bjørnson, wanda 'yarsa Bergliot ta auri Sigurd ɗan Ibsen, shi ya same ta a 1903.

Idan za ki fara, ki karanta Gidan 'Yar Tsana da Fatalwa a jere, domin ɗaya na nuna matar da ta fita, ɗayan matar da ta zauna. Ki samu abokan karatu ku raba matsayi ku karanta a bayyane, kina alama a duk inda wani ya ambaci kuɗi ko abin da ya faru a da.