Tambaya da Amsa: Wai jakar tsakuwa ce a cikinmu?

Tambaya: Salamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni uwa ce daga Tudun Wadan Zariya, watan jiya aka yi wa ɗana mai shekara 14 aikin afendis, alhamdulillahi ya warke. Likitan da ya yi aikin ya ce min abin a jikin wata jaka yake ta hanji, ita kuma surukata ta dage wai jakar tsakuwa ce, duk tsakuwar shinkafa da 'ya'yan gwaiba da yaro ya haɗiya can suke taruwa, yanzu har ta hana sauran yaran shan gwaiba. Dan Allah wace jaka ce wannan, kuma gaskiya ne maganar Hajiya?

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Jakar dai akwai ta, kowa yana da ita, amma ba ma'ajiyar tsakuwa ba ce. Ki ɗora hannu a mararki ta gefen dama, ƙasa da cibiya, to nan take, daidai inda ƙaramin hanji ya ƙare babban hanji ya fara. Likitoci suna ce mata sikam, kalmar Latin ce mai nufin makaho, saboda ƙasanta a toshe yake kamar lungun da ba ya ɓullewa. Tsawonta wajen santimita 6 ne kawai, a bakinta kuma akwai wata 'yar ƙofa da ke barin sauran abinci ya shigo amma ta hana shi komawa baya. Abin yana isowa ruwa-ruwa, daga nan hanji zai fara tsotse ruwa da gishiri har ya zama bahaya. Shi kuma afendis wani siririn abu ne kamar tana, wajen santimita 9, yana reto a gindin jakar.

Kin san inda za ki ganta da idonki? Ran da kika yanka kaza, kafin ki zubar da hanjin ki bi shi a hankali zuwa ƙarshe, za ki ga wasu dogayen jakunkuna guda biyu sun fito gefe da gefe, cike da wani abu ruwan ƙasa mai kauri da wari, to su ne, kaza biyu gare ta. Masu kiwon kaji a Samaru da Shika sun san wajen sarai, don cutar da suke kira koksi in ta kama nan sai ki ga 'yan tsaki suna kashin jini sun sauke fukafukai.

Ni wanda ya fi ba ni mamaki shi ne doki. Dokin nan da kike gani an yi masa ado ran hawan Daushe, jakarsa ta kai tsawon mita guda, tana ɗaukar wajen lita 30, fiye da jarkar ruwa ke nan, saboda shi ba shi da tumbi irin na saniya ko akuya da za su yi tuƙa, ciyawa da harawar da ya ci sai sun zo nan ƙwayoyin bakteriya su jiƙa su su narkar da su sannan ya samu amfaninsu, haka jaki ma. Zomo kuwa nasa ya wuce nan, yana fitar da wani kashi mai laushi daga jakar ya sake cinye shi nan take don ya kwashi sinadaran da ke ciki, kar mai kiwo ya ɗauka ciwo ne. Mu da muke dafa abincinmu tamu ƙarama ce.

Maganar Hajiya kuma, kar ki ga laifinta, akwai inda ta samo asali. Abin da ya fi toshe bakin afendis shi ne ɗan guntun bahaya da ya bushe ya taurare, in aka ciro shi wallahi kamar tsakuwa yake, shi ya sa mutane suke cewa an ciro masa tsakuwa. Wani lokacin kuma naman wajen ne ke kumbura bayan wata rashin lafiya, ko tsutsar ciki ta shiga. 'Ya'yan gwaiba wucewa suke su fita da bahaya, da wuya ƙwarai a same su sun toshe wajen. A tsince shinkafa dai saboda haƙori.

Abin da nake so ki riƙe saboda sauran yaran, don ciwon ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 30: yakan fara ne a kusa da cibiya, bayan wasu awanni ya sauko dama ya tsaya waje ɗaya, yaro ya ƙi abinci, ga tashin zuciya ko amai da ɗan zazzaɓi, in ya yi tari ko Keke Napep ya faɗa rami sai ya riƙe wajen, tafiya ma a duƙe yake yi. In kin ga haka dan girman Allah kar a ba shi maganin wankin ciki, kar a jiƙa kanwa, kar a yi ta danna cikin ana cewa shawara ce ko taifot a tsaya kemis kwana uku, wannan jiran shi ne yake ci min rai, don abin yana iya fashewa cikin kwana biyu zuwa uku, ƙazanta ta watsu cikin ciki, ƙaramin aiki ya koma babba. Kuma in ciwon ya lafa farat ɗaya ba sauƙi ba ne, wani lokacin fashewar ce. A wuce asibitin da ake tiyata kai tsaye, ko Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika, kuma a dakata da ba shi abinci har likita ya gani.

Shi ɗanki jakarsa tana nan daram, afendis ɗin kawai aka cire, zai ci komai kamar da. Ki gaida Hajiya, ki lallaɓa ta ta bar yara su sha gwaibarsu, a dai wanke.