Sakamakon gwaji ya fito lafiya: in rufe rijiyoyin in fara gini?

Tambaya: Ni injiniya ne mai kula da wani fili da za a gina gidaje a kai. Da can gidan mai ne, a bayansa kuma akwai tsohon rami da aka cike da shara. An ciro tankuna, an kwashe baƙar ƙasar, an zuba sabuwa. Ɗan kwangila ya kai samfuri ɗakin gwaji sau ɗaya, sakamako ya fito lafiya, wari ma babu. Amma mai ba mu shawara kan muhalli ya ce kada a rufe rijiyoyin gwaji, wato ƙananan rijiyoyin da aka haƙa don auna ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai an ƙara watanni ana awo. Masu kuɗin sun matsa mini lamba, ni kuma ina tsoron in sa hannu, daga baya wani abu ya sami mazauna gidajen. Ko dai jan aikin yake yi don ya ci kuɗi?

Amsa: Injiniya, kada ka sa hannu tukuna. Tsoronka yana kan hanya, kuma mutumin naku ya fi ɗan kwangilar gaskiya.

Wannan magana ta "an gwada sau ɗaya, ba wari, shi ke nan" ita ce ta fi kowace cutar da masu gini, kuma kullum sai an maimaita ta. Hanci ba ma'auni ba ne. Dalma ba ta da wari, iskar metan, wato gas mai kama wuta, ma haka. Benzin kuwa, wato wani sinadari mai guba da ke cikin fetur, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a maikirogiram 10 cikin lita, adadin da ba wanda zai shinshina kofi ya gane. Duk wanda ya ɗebi ƙasa a tafin hannu ya kai hanci ya ce maka ta tsarkaka, wasa yake yi da rayukan mutane.

To, takardar ɗakin gwajin fa? Ka tambaya daga ina aka ɗebo samfurin. Sau da yawa daga sabuwar ƙasar da aka zuba ake ɗebowa, ka ga kuwa dole ta fito fes. Samfurin da ke tabbatar da aiki daga gindin ramin da bangayensa huɗu ake ɗaukarsa, kafin a cike, kowane da lambarsa da zurfinsa a kan taswira. Idan an haɗa ƙasar wurare biyar an cakuɗa a bokiti, an yi ɓarna biyu: an sirka wurin da ya fi gurɓata da masu tsabta, sannan sinadarai masu tashi a iska sun tsere tun wajen cakuɗawa. Ruwan da za a gwada don benzin a ƙaramar kwalba mai mililita 40 ake zuba shi, a cika maƙil ba ko ƙwayar kumfa, a ajiye a sanyi kusan digiri 4, a gwada cikin kwana 14 idan an sa masa asid. Wanda ya kwana a bayan mota cikin zafi ba ya nuna komai. Ka kuma duba mafi ƙarancin adadin da na'urar ɗakin gwajin ke iya ganowa. Idan ba ta ganin abin da ya gaza 50, alhali iyaka 10 ce, rubuta "ba a samu ba" yaudara ce da hatimi.

A ce ma an yi duk wannan daidai, awo ɗaya bai isa ba. Laka da ƙasa mai laushi suna riƙe mai kamar soso, suna sakinsa a hankali. Da zarar an gama tono ko an kashe famfon zuƙar gurɓataccen ruwa, adadin sinadaran yakan faɗi ƙasa, bayan makonni ko watanni ya sake hawa. Haka kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa da sauka. Lokacin rani yakan sauka ya bar mai maƙale a ƙasar da ke samansa, ruwan sama ya dawo ya ɗago shi ya wanko man cikin rijiya. Shi ya sa aka saba yin zagaye huɗu, duk bayan wata uku, don shekara ta zagayo da yanayinta duka.

Rijiyoyin su kai uku aƙalla, domin da tsayin ruwa a wurare uku ne ake gane inda yake gangarawa. Ɗaya ta kasance a saman gangaren don a san abin da ke shigowa daga maƙwabta, sauran a ƙasansa da bakin iyaka. Fetur yana iyo a kan ruwa, saboda haka ɓangaren bututun da ke da ramuka dole ya ratsa saman ruwan, in ba haka ba man zai wuce ta sama ba a gan shi ba. Kafin ɗiba a fitar da tsohon ruwan da ya kwanta, ko ninki uku na abin da rijiyar ke ɗauka, ko a zuƙa a hankali har awon pH, wato tsamin ruwan, da na iskar oksijin su daina canzawa.

Ramin sharar nan ya fi tankunan tayar mini da hankali. Shara mai ruɓewa tana fitar da metan, wanda ke fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iska, kuma fitarsa tana bin nauyin iskar sararin sama. Idan nauyin ya faɗi da sauri, ƙasa takan amayo gas ɗin. Abin da ya tarwatsa wani gida ke nan a Loscoe ta Ingila a 1986, kusa da wurin zubar da shara. Saboda haka a auna sau da dama, a rubuta nauyin iska kowace rana, kuma a tabbata wasu awon sun faɗo ranar da yake sauka ko ya gaza milibar 1000. Sakamakon ne zai nuna ko fandisho na buƙatar shimfiɗar roba mai tare gas da hanyar fitar iska a ƙarƙashin daɓe. Kankare shi kaɗai yana tsagewa, kuma gas yana bin gefen bututun ruwa da na waya ya shiga ɗaki.

Tonon fandisho ma zai sake tayar da ƙura da tururi. A kafa ma'aunin ƙura a inda iska ke fitowa da inda take nufa, a riƙa zagaya bakin rami da iyakar fili da na'urar PID mai gano tururin sinadarai a iska, a rubuta tun yanzu adadin da za a fara yayyafa ruwa da wanda za a dakatar da aiki, da sunan mai ikon dakatarwa. Tifa ba ta fita sai an rufe ta da tamfol an wanke tayoyinta. A 2009 kotu a Ingila ta kama hukumar garin Corby da sakaci wajen share tsohuwar masana'antar ƙarfe, inda motoci suka riƙa watsa gurɓatacciyar ƙura da laka a tituna.

Idan kana zargin mai ba da shawarar da jan aiki, ga yadda za ka ɗaure shi: ya rubuta sinadaran da ake bi, da adadin da kowane zai sauka ƙasa da shi, da yawan zagayen da za a jera a haka kafin a ce an gama, hukumar muhalli ta amince da shi a rubuce. Sau da yawa ana iya ci gaba da gini a ɓangaren da aka tabbatar, a kewaye rijiyoyin da shinge don kada katafila ta take su. Ranar da za a rufe su kuwa, a cike kowace da bentonait, wato yumɓu mai kumbura idan ya jiƙe, ko ruwan siminti daga gindi har baki, don rijiyar da aka bari a buɗe ita kanta hanya ce da ƙazanta za ta bi ta gangara cikin ruwa.