Shugabancin ƙungiyarmu ya gajiyar da ni, yaya zan yi?

'Yar'uwa, kin ce kina shugabantar ƙungiyar ɗalibai mata a jami'arku a Amurka, irin masu sunan haruffan Girka, barci ya ƙaurace miki, karatu na neman lalacewa. Ni ma na taɓa shiga wannan hali lokacin ɗibar sabbin mambobi. Har ƙarfe 2 na dare ina lissafin kuɗi, alhali muna da ma'aji.

Rubuta ayyukan duka ki kai taro, kowace ta ɗauki nata da ranar gamawa. Kuskurena shi ne in ba da aiki, in koma in ƙwace don ba a yi yadda nake so ba. Ki sakar musu mara.

Idan rashin barcin ya wuce mako biyu, je ofishin ba da shawara na jami'a. In tunanin cutar da kanki ya zo, kira 988, layin agajin gaggawa na Amurka ga masu irin wannan tunani, nan take.