Yaushe aka fara biyan kuɗi don kallon kokawar Amurka a gida?

Malam, ka tambaya ko WrestleMania, babbar gasar kokawa ta kamfanin WWF, ce ta fara wannan tsari. Ba ita ba ce kai tsaye. A 1983 kamfanin kokawa na Jim Crockett ya shirya gasar Starrcade a birnin Greensboro, amma a manyan zaurukan kallo aka haska ta, mutane suka sayi tikiti. Ita ma WrestleMania ta farko, ranar 31 ga Maris 1985 a zauren Madison Square Garden da ke New York, galibi haka aka kalle ta. Sai a Nuwamban 1985 WWF ta yi The Wrestling Classic, wadda mai talabijin na kebul ke biya ya kalla daga ɗakinsa.

Inda abin ya yi zafi shi ne 1987. Vince McMahon, mai kamfanin WWF, ya ƙirƙiro gasar Survivor Series, ya ɗora ta a daren da Crockett zai yi Starrcade, ya kuma gargaɗi kamfanonin talabijin na kebul cewa duk wanda ya haska ta Crockett ba zai samu WrestleMania ta gaba ba. Kusan dukkansu suka bi McMahon. Ni dai wannan mugunta nake kiranta, ba dabara ba.

A 2014 WWE Network, tashar intanet ta WWE (sabon sunan WWF), ta zo da dala 9.99 a wata, tsohon tsarin ya fara mutuwa.